Tsohuwar Shropshire da Likitan Birmingham: Tarihin Furen Dijitalis

Daga cikin furannin da mutanen Ingila ke ƙawata lambunan gidajensu da su, akwai wani da suke kira foxglove, wanda masana tsirrai suka yi wa laƙabi da Digitalis purpurea. Domin sauƙin faɗa, za mu riƙa kiransa dijitalis a cikin wannan maƙala. Fure ne mai ban sha'awa ƙwarai, amma tun daga saiwarsa har zuwa 'ya'yansa babu inda guba ba ta ratsa ba. Duk da haka, a jikinsa aka samo ɗaya daga cikin daɗaɗɗun magungunan zuciya da likitoci ke riƙe da su, wanda har gobe ana ba da shi a asibitocin duniya, har da namu na Nijeriya. Abin da wannan maƙala za ta yi shi ne bin diddigin yadda wannan ganye ya fito daga tukunyar wata 'yar mai ganye ta ƙauye ya shiga kantin maganin asibiti, sa'an nan ta duba waɗanda tarihi ya riƙe sunayensu a wannan tafiya da wadda ya bari babu suna.

Dijitalis tsiro ne na yammacin Turai, mai son wuri mai sanyi da laima, musamman gefen kurmi da wuraren da aka sare itatuwa. Shekara biyu yake yi a duniya. A shekarar farko ganye kawai yake shimfiɗawa a ƙasa, masu faɗi da laushi kamar an yi musu gashi. A ta biyu sai ya fid da kara guda wanda yakan kai tsawon mutum, furanni su jeru a jikinsa suna kallon ƙasa kamar ƙananan ƙararrawa, wasu shunayya, wasu ja-ja, wasu farare, cikinsu da ɗige-ɗige. Kowane fure yatsa na shiga cikinsa daidai, kuma daga nan ne sunayensa suka samo asali. Sunan Ingilishi yana nufin safar hannun yanyawa, kuma ya kai shekara dubu a bakin mutane. Jamusawa kuwa suna kiransa da sunan 'yar hular ƙarfen nan da maɗinka ke sa wa yatsa don gudun sukan allura. Wani likita Bajamushe mai suna Leonhart Fuchs, a littafinsa na tsirrai da ya fito a 1542, shi ya mayar da wannan suna zuwa Latin, ya ce Digitalis, daga kalmar da ke nufin yatsa.

Wannan suna da Fuchs ya raɗa yana nuna mana wani abu. Ilmin likitancin Turai na wancan zamani ya dogara ne kacokan a kan littattafan Girkawa da Rumawa, su kuwa waɗannan ba su bayyana dijitalis ba, domin ba tsiron ƙasarsu ba ne. Saboda haka ganyen ya daɗe ba shi da gurbi a wurin malaman jami'a, sai a wurin mutanen karkara. Akwai shi a rubutattun magungunan wasu masu magani na ƙasar Wales na ƙarni na 13, inda ake haɗa shi a man shafawa. Marubutan littattafan ganyayyaki na Ingila irin su John Gerard a 1597 da John Parkinson a 1640 da Nicholas Culpeper a 1652 duk sun ambace shi. An ce yana fitar da majina, yana maganin gyambo da kumburin wuya, har da farfaɗiya. Mutanen karkara kuma suna dafa shi su sha don ya sa su amai da gudawa, domin a fahimtar zamanin, ciwo ba ya barin jiki sai an koro shi ta sama ko ta ƙasa. Babu shakka da yawa sun mutu a wannan kora.

Ciwon kumburi da maganin tsohuwa

Kafin a gane darajar abin da ya faru a 1775, tilas a san cutar da ake magana a kai. Ciwon kumburi, wato taruwar ruwa a jiki, yana cikin manyan cututtukan da suka addabi Turai a ƙarni na 18. Ƙafafu su kumbura har in an danna yatsa ya bar rami, ciki ya cika da ruwa, daga baya ruwan ya hau ƙirji, majiyyaci ya kasa kwanciya sai dai ya kwana a zaune yana haki. Yau an san cewa sau da yawa raunin zuciya ke jawo haka: idan zuciya ta gaza tura jini yadda ya kamata, sai jinin ya taru a jijiyoyi, ruwansa ya tsattsafo cikin tsoka, ƙoda kuma ta riƙe gishiri da ruwa. Likitocin wancan lokaci ba su san wannan ba. Sun ɗauki kumburin a matsayin cuta mai zaman kanta, maganinsu kuwa shi ne ba da abin gudawa mai ƙarfi, da tsaga, da huda ciki a tsiyaye ruwa, wanda ba ya jimawa yake dawowa.

William Withering, wanda sunansa ya manne wa dijitalis har abada, an haife shi a 1741 a garin Wellington da ke lardin Shropshire. Mahaifinsa mai haɗa magunguna ne. Ya yi karatun likita a Jami'ar Edinbara, ya kammala a 1766, ya fara aiki a garin Stafford. Abin dariya shi ne, lokacin da yake ɗalibi babu darasin da ya tsana kamar na tsirrai, har ya rubuta wa iyayensa yana ƙorafi a kai. Soyayya ce ta sauya masa ra'ayi. Wata budurwa mai suna Helena Cookes, wadda yake yi wa magani, tana son zanen furanni, sai ya shiga yawon daji yana tsinko mata. Ya aure ta a 1772, kuma a 1776 ya wallafa babban littafi a kan tsirran Birtaniya cikin Ingilishi, bisa tsarin Linnaeus. Wato ke nan lokacin da maganar dijitalis ta zo gabansa, ta tarar da mutum mai sana'a biyu a hannu, likita kuma masanin ganye.

A 1775 ya koma Birmingham. A wannan shekara ce, kamar yadda shi da kansa ya bayar da labari, aka nemi ra'ayinsa a kan wani maganin kumburi na gado. An gaya masa cewa wata tsohuwa ce a Shropshire ta daɗe tana ɓoye sirrin haɗinsa, kuma takan warkar da waɗanda likitoci suka sallama. Haɗin ya ƙunshi ganyayyaki ashirin ko fiye, yana kuma sa amai da gudawa mai tsanani. Withering ya duba jerin ganyayyakin ya yanke hukunci cewa mai aikin a cikinsu ba zai wuce dijitalis ba. Iyakar abin da ya faɗa game da tsohuwar ke nan, 'yan layuka kaɗan. Bai ambaci sunanta ba, bai faɗi ƙauyensu ba, bai ma ce ya taɓa ganinta da idonsa ba. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ba tsohuwar ce kaɗai ta san ganyen ba. Wani abokin aikinsa, Dakta John Ash, ya shaida masa cewa shugaban Kwalejin Brasenose ta Oxford, Dakta Cawley, ya sami sauƙin ruwan ƙirji da saiwar dijitalis. Akwai kuma labarin wani ɗan kasuwa daga Yorkshire da aka kira Withering ya duba, ya tarar da shi yana ta kwara amai, idonsa ba ya gani sosai, bugun jijiyarsa ya sauka zuwa 40 a minti. Da aka bincika, ashe matarsa ce ta dafa masa ɗanyen ganyen dijitalis cike da hannu a ɗan ruwa kaɗan, ta ba shi ya shanye a tashi ɗaya don maganin tari da haki. Da ƙyar ya tsira. Abin da Withering ya fahimta daga nan shi ne, matar ta san maganin ƙasarsu sarai, abin da ya kuɓuce mata shi ne awo. Ga wanda ya san yadda ake sayar da jiƙo da tsimi a kasuwanninmu, inda kwalba ɗaya ke yi wa yaro da babba, wannan labari ba baƙo ba ne.

A nan ne aikin Withering na haƙiƙa ya soma, kuma shekara goma ya ɗauka yana yinsa. Yana da al'adar ware sa'a guda kullum yana duba matalauta kyauta, waɗanda sukan kai dubu biyu zuwa uku a shekara, kuma a kansu ya fara gwaji. Wannan wuri ne da ya kamata a tsaya a yi tunani, domin babu wanda ya nemi izinin waɗannan bayin Allah kamar yadda dokar bincike ta tanada a yau, kuma shi da kansa ya amsa cewa da farko ya riƙa ba da maganin fiye da kima, ya kuma daɗe yana bayarwa fiye da yadda ya dace. Talakawan Birmingham ne suka biya kuɗin wannan ilmi da cikinsu. Amma dai ya koyi darasi daga wahalarsu. Ya lura cewa ƙarfin ganyen yana sauyawa daga lokaci zuwa lokaci, don haka ya tsayar da lokacin tsinka guda, wato daidai sa'ad da tsiron zai fara fure. Ya bar saiwa saboda ba ta da tabbas. Ya bar dafawa ya koma jiƙawa, daga baya ya fi amincewa da busasshen ganye da aka cire wa jijiyar tsakiya aka niƙa ya zama gari kore. Ya yi ta rage awo har ya tsaya a kan ƙwaya ɗaya zuwa uku ta ma'aunin masu magani na zamaninsa, sau biyu a rana, ita kuwa ƙwaya ɗaya ba ta wuce miligiram 65 ba. A gwada wannan da cikin hannun matar ɗan kasuwar Yorkshire.

Babban abin da ya gano shi ne amai da gudawa, waɗanda tsohuwa da likitoci duka suka ɗauka su ne alamar magani na aiki, a gaskiya alamun guba ne. Amfanin ganyen yana cikin yawan fitsarin da yake sawa, kuma ana samun wannan ba tare da an jigata majiyyaci ba. Ya kafa ƙa'ida cewa a ci gaba da bayarwa kaɗan-kaɗan har sai an ga tasirinsa a ƙoda, ko ciki, ko hanji, ko bugun jijiya, da zarar an ga ɗaya daga ciki kuwa a dakata. Ya lissafa alamun wuce gona da iri: tashin zuciya, jiri, ganin abubuwa sun koma rawaya ko kore, saukar bugun jijiya, sanyin jiki, suma, sa'an nan mutuwa. Ya kuma bambanta waɗanda maganin ke yi wa aiki da waɗanda ba ya yi wa. Mai raunin bugun jijiya ko mai tsallake, wanda fatarsa ta yi fari da sanyi, kumburinsa kuma yake lotsawa, shi ne ke samun sauƙi. Mai ƙaƙƙarfan bugu da taurin ciki, ko macen da kumburinta daga mahaifa yake, ba su cika amfana ba. Bai san dalili ba, domin sai a 1827 ne Richard Bright ya nuna cewa wani kumburin daga ciwon ƙoda yake, amma idonsa ya ga bambancin tun kafin a san sunansa. Ya ɗauka a kan ƙoda ganyen ke aiki, sai dai ya rubuta cewa yana da wani iko a kan motsin zuciya da ba a taɓa gani a wani magani ba, kuma wata rana za a ci moriyar wannan.

A 1785 ya fitar da littafinsa mai suna An Account of the Foxglove and Some of its Medical Uses. A ciki ya kawo bayanin majiyyata 163, waɗanda 101 daga cikinsu suka sami sauƙi. A ganina darajar littafin tana wurin sauran 62 ɗin. Al'adar likitocin zamanin ita ce su zaɓo waɗanda suka warke su baza, kamar dai magori mai wasa kansa da kansa. Withering ya kawo kowa, wanda ya tashi da wanda ya mutu, ya bar mai karatu ya yi hukunci. Dalilin wallafawar ma, in ji shi, shi ne ya ga maganin ya bazu a hannun likitocin da ba su san awonsa ba, har an shigar da shi kundin magungunan Edinbara a 1783, yana tsoron kada a yi ta kashe mutane da shi har a yi watsi da shi baki ɗaya.

Rigima da Darwin

Ba a rasa hassada a tsakanin malamai ko a wace ƙasa. Withering ɗan wata ƙungiya ce ta masana a Birmingham da ake kira Ƙungiyar Wata, saboda sukan haɗu ne a daren da wata ya cika, don su sami hasken komawa gida. A cikinta akwai James Watt mai injin tururi, da Matthew Boulton, da Joseph Priestley, da kuma Dakta Erasmus Darwin, kakan Charles Darwin da duniya ta sani. Shi Erasmus ne ma ya ba Withering shawarar komawa Birmingham. A watan Yuli na 1776 ya gayyace shi su duba wata mata da kumburi ya kai ta gargara. Withering ya ba da shawarar dijitalis, Darwin ya amince nan take. Cikin kwana ɗaya matar ta fitar da fitsari kimanin lita 8, numfashinta ya dawo, kuma shekara tara bayan haka tana nan da ranta, ko da yake kumburin yakan dawo a sake ba ta maganin.

A 1778 ɗan Erasmus, wani saurayi mai suna Charles da ke karatun likita a Edinbara, ya rasu sakamakon yankan da ya yi a yatsa wajen feɗe gawa. A 1780 uban ya wallafa rubuce-rubucen ɗansa, ya liƙa musu bayanin wasu majiyyata da aka yi wa magani da dijitalis, har da matar nan, ba tare da ambaton Withering ba. A farkon 1785 ya sake gabatar da takarda a gaban Kwalejin Likitoci ta Landan a kan ganyen, nan ma bai ambace shi ba. Ana iya yi wa uba mai makoki uzuri a karo na farko, amma na biyun da wuya. Zumuncinsu bai sake komawa daidai ba. Abin lura dai shi ne, manyan likitoci biyu suna ja-in-ja a kan wane ne ya riga wani, alhali wadda ta riga su duka babu wanda ya damu ya tambayi sunanta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ƙarshen rayuwar Withering bai yi daɗi ba. A tarzomar Birmingham ta 1791, wadda aka ƙona gidan Priestley a cikinta, shi ma sai da ya gudu daga gidansa na Edgbaston. Ciwon ƙirji ya ci ƙarfinsa, ya je Fotugal sau biyu neman sauƙi bai samu ba, ya rasu a watan Oktoba na 1799 yana da shekara 58. An sassaƙa hoton dijitalis a jikin allon tunawa da shi a cocin Edgbaston.

Abin da ya ji tsoro kuwa shi ya faru. A ƙarni na 19 likitoci suka mayar da dijitalis maganin kowace cuta, suna ba masu tarin fuka da masu taɓin hankali da masu farfaɗiya da mashayan da giya ta ruɗa, da awo mai yawa, suka yi biris da ƙa'idojinsa. Masu mugun nufi ma ba a bar su a baya ba. A 1863 wani likita a Faris mai suna Couty de la Pommerais ya kashe wata bazawara da yake nema da sinadarin dijitalis, bayan ya sa an yi wa rayuwarta inshora mai tsoka. A lokacin babu hanyar gano wannan guba a jikin gawa ta awon sinadarai, sai masanin binciken gawa Ambroise Tardieu ya tace abin da aka samo daga gawar ya gwada a kan karnuka da kwaɗi, aka ga zuciyarsu ta yi irin abin da dijitalis ke sawa. Da wannan shaida aka yanke wa likitan hukuncin kisa a 1864. Marubuciya Agatha Christie, wadda ta yi aikin haɗa magunguna a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta yi amfani da wannan guba fiye da sau ɗaya a labaranta na kisan gilla. Akwai kuma masu cewa yawan launin rawaya a zanen Vincent van Gogh daga shan dijitalis ne, suna kafa hujja da hoton likitansa Gachet da ya zana a 1890 da reshen furen a gabansa. Wannan hasashe ne kawai, babu wata shaida da ta nuna an taɓa ba shi maganin.

Masana sinadarai ne suka fitar da ganyen daga wannan ruɗani. A 1875 Oswald Schmiedeberg ya ware sinadarin dijitoksin daga cikinsa. A farkon ƙarni na 20 likitan zuciya James Mackenzie ya nuna cewa inda maganin ya fi amfani shi ne wurin masu wata irin rikicewar bugun zuciya, inda ɗakunanta na sama ke karkarwa maimakon bugawa. A 1930 Sydney Smith na kamfanin Burroughs Wellcome ya ciro dijoksin daga wani ɗan'uwan tsiron, Digitalis lanata, na yankin Balkan, kuma shi ne ƙwayar da aka fi bayarwa a yau. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya toshe hanyar shigo da magunguna, sai ga matan karkarar Ingila da 'yan makaranta da 'yan sikawut sun bazu cikin daji suna tsinko ganyen dijitalis suna shanyawa don asibitoci, wato sana'ar tsohuwa ta dawo hannun jikokinta da izinin hukuma.

Yadda maganin ke aiki bai fito fili ba sai a shekarun 1950. A jikin kowace ƙwayar halitta akwai wani abu mai kama da famfo, wanda ke fitar da sinadarin sodiyam yana shigo da fotasiyam. Jens Skou na ƙasar Denmak ne ya gano shi a 1957, aka ba shi kyautar Nobel a 1997. Dijitalis yana rage aikin wannan famfo, sai kalsiyam ya ƙaru a cikin tsokar zuciya, bugunta ya yi ƙarfi, a lokaci guda kuma ya rage mata sauri. Zuciya ta tura jini sosai, ƙoda ta sami abin tacewa, ruwa ya fita. Fitsarin da Withering ya gani, ashe saƙo ne daga zuciya. Amma tazarar da ke tsakanin awon da ke warkarwa da wanda ke kisa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, shi ya sa ake auna jinin masu shansa, aka kuma samar da makarinsa daga jinin tumaki, wanda aka amince da shi a Amurka a 1986. Wani babban gwaji da aka yi a Amurka da Kanada a kan majiyyata 6,800, aka bayyana sakamakonsa a 1997, ya nuna dijoksin yana rage yawan kwanciya a asibiti amma bai rage mace-mace ba. Saboda haka yanzu ba shi ne zaɓin farko ga raunin zuciya ba, ko da yake yana nan a jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma har yau daga ganye ake tatso shi.

Dijitalis ba ya fitowa a ƙasar Hausa, amma danginsa ta fuskar guba suna nan birjik. Kwankwani, wanda maharba da mayaƙan da suke dafa 'ya'yansa su yi dafin kibiya, sinadarin da ke cikinsa aiki iri ɗaya yake yi wa zuciya. Haka kariya, wadda ake dasawa don kyan furenta, haka tumfafiya, haka oliyanda da ke jere a bakin titunan jami'o'inmu yara na wasa a gindinta. Wani nau'in kwankwani ma ya bi sawun dijitalis zuwa asibiti. A tafiyar David Livingstone ta kogin Zambezi, abokin tafiyarsa Dakta John Kirk ya goge haƙori da burushin da ya gogi 'ya'yan tsiron a aljihunsa, ya ji bugun zuciyarsa ya ragu. Aka kai samfurin Edinbara, inda Thomas Fraser ya yi nazarinsa ya gabatar da shi a matsayin maganin zuciya a 1885, shekara ɗari cif bayan littafin Withering. Maharban da suka san sirrin dafin tun kaka da kakanni, su ma ba a rubuta sunan ko ɗaya ba. Wanda ya buɗe ƙamus ɗin sunayen tsirrai na Hausa da Dakta J. M. Dalziel ya wallafa a 1916 zai ga ilmi mai yawa da aka kwaso daga bakin mutane, sunan mai tattarawa ne kaɗai a bango.

Sunan da aka ƙaga

Mu koma kan tsohuwa. Adabi ya fi tarihi yi mata adalci. A littafin George Eliot mai suna Silas Marner, wanda ya fito a 1861, tauraron labarin masaƙi ne da ya gaji sanin ganyayyaki daga mahaifiyarsa. Ya ga matar wani baduku tana fama da ciwon zuciya da kumburi, irin wanda ya kashe uwarsa, sai ya haɗa mata dijitalis ta sami sauƙi. Maimakon godiya, mutanen ƙauye suka ɗauke shi mai asiri, suka yi ta zuwa neman laya, da ya ƙi kuwa suka ƙara ƙyamarsa. Marubuciyar ta gane matsayin mai maganin gargajiya a irin wannan al'umma, ana bukatarsa ana kuma tsoronsa. Idan aka tuna cewa sai a 1736 aka soke dokar farautar mayu a Birtaniya, ba abin mamaki ba ne tsohuwar Shropshire ta riƙe sirrinta gam, ko da yake neman abinci ma dalili ne isasshe.

Duk da haka, wanda ya buɗe littattafai da yawa a yau zai tarar an ba ta suna, wai Mother Hutton, wato Iya Hutton. Zai karanta cewa Withering ya yi ta nemanta har ya same ta, ya ba ta tsabar zinariya ta sayar masa da sirrin. Wasu sun ƙara da cewa ita ce ta warkar da Dakta Cawley na Oxford. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a rubutun Withering ko na wani na zamaninsa. Asalin labarin tallar magani ce. A 1928 kamfanin Parke-Davis na Amurka, mai sayar da magungunan dijitalis, ya sa wani mai zane, William Meade Prince, ya zana hoton likitan da tsohuwa suna musayar kuɗi da takarda, aka raɗa mata suna aka buga. Daga talla sunan ya shiga jawaban likitoci, daga nan ya shiga littattafai, kowa na ɗauka daga na gabansa, har ta kai ana kawo tarihin rayuwarta. Likitan zuciya Dennis Krikler ne ya bi sawun labarin a 1985, shekarar cikar littafin Withering ɗari biyu, ya nuna inda aka ƙaga shi.

Ga ɗalibin adabin baka wannan abin nazari ne, domin mun saba ganin labari ya taso daga baki ya shiga takarda, ga shi nan kuwa ya taso daga takardar talla ya koma yawo a baki kamar tatsuniya. An cike gurbin da Withering ya bari da abin da mai sauraro ke son ji: an sami suna, an yi ciniki, an biya tsohuwa hakkinta da zinariya, kowa ya tashi babu bashi. A rubutun 1785 kuwa ba a biya kowa ko anini ba, kuma haɗin ganye ashirin ɗin nan da aka nuna wa Withering, bai kwafe shi a littafinsa ba, don haka sauran ganyayen sun bi ta kabari.